Jan Zare a Bakin Camota

Ƙofar Bhati, Lahore
4 ga Oktoba, 1997

Zuwa ga ƙanena Nawabdin, ɗan baffana, wanda duk Lahore ta sani da Nabu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Adireshinka na samo shi a wurin jana'izar Fazaldin mai ganga, watan jiya, daga bakin surukinsa da ke aiki a tashar jirgin ruwa ta Karaci. Ya ce ka yi tumbi. Ban yarda ba, amma na rubuta adireshin.

Ni dai ina nan. Gwiwoyi sun daina kai ni saman soro, don haka na bayar da tattabarun. Matata Inayat Bibi ta rasu shekara shida ke nan, ban sani ba ko labari ya iso ka. Ɗana yana Sharja, yakan rubuto duk Sallah. Likita ya hana ni farfesun ƙafar akuya, wai zuciyata ta gaji. Na ce masa ai ta yi ƙoƙari.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami bayan shekara ashirin da biyu. Ranar Talata wata mata daga gidan talabijin ta zo har ɗakina, sunanta Farhat. Ta ce za a rufe shirin Shayi da Kwaja Sahib a watan Disamba. Shekara ashirin da biyar ke nan mutumin nan yana zama a bayan teburinsa duk daren Alhamis, ƙarfe sha ɗaya, yana yi wa 'yan barkwanci tambaya, yanzu idonsa ya fara kasa karanta katin. Ta ce daga cikin ɗaruruwan da suka zauna a kujerar baƙi, mu biyu ya zaɓa ya rufe shirin da mu. Za a ɗauka ranar sha shida ga Disamba.

Na ce mata mai riƙe camota shi kaɗai ba komai ba ne, tsoho ne kawai da guntuwar fata a hannu. Sai da mai amsawa. Ta ce shi ya sa ta zo, in rubuta maka.

Nakan kalli shirin a shagon Hakam wanzami in barci bai riga ni ba. Yaran da ke zuwa yanzu sukan ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, su yi ta zuba su kaɗai. Wasu na da baki, ba laifi. Amma da yake ba mai marinsu, ba su san inda magana ke ƙarewa ba.

Na san abin da ke tsakaninmu, kuma ba na cewa ka manta. Sau ɗaya kawai nake so in sake tsayawa a gefenka kafin a kai ni inda aka kai Fazaldin. In za ka zo, ka rubuto.

Yayanka,
Mehrdin

*

Lyari, Karaci
15 ga Oktoba, 1997

Zuwa ga Baffa Mehrdin mai girma.

Wa alaikumus salam. Ni ce Nuzhat, autar Abba-ji, wadda ka sani a goye. Ni nake rubuta masa, tunda ka san bai yi makaranta ba. Muna lafiya. Mahaifiyata ta rasu shekara uku da suka wuce. Abba-ji yana shan maganin hawan jini, ban da wannan ba wata matsala. Ga saƙonsa:

"Yayana mai girma, na samu takardarka, na kuma gode. Ina yi maka ta'aziyyar iyalinka, Allah Ya jiƙanta. Game da maganar gidan talabijin, ina neman afuwa, yanayin da ake ciki ba zai bar ni in zo ba. Ina yi maka fatan lafiya da tsawon rai."

Wassalam,
Nuzhat, a madadin mahaifinta

*

Ƙofar Bhati, Lahore
23 ga Oktoba, 1997

Nabu,

Bayan gaisuwa da ta'aziyyar uwar yara, Allah Ya haskaka kabarinta. Tari ya ɗan taso mini da shigowar sanyi, amma da sauƙi.

Na karanta amsarka sau bakwai. Tun muna yara kake kirana jaki, a gida da gaban jama'a, ranar aurena ma ba ka fasa ba. Yau na zama "yayana mai girma." Da zagina ka yi da na san muna nan. Wannan ladabi ya gaya mini inda ka ajiye ni, na kuma karɓa. Sai dai akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba, gara ka ji shi tun ina da hannun rubutu.

Nuzhat, 'yata, tunda ke za ki karanta masa, bari in yi miki bayani. Sana'ar gidanmu mutum biyu ke yin ta. Ɗaya ya yi tambaya da fuskar dattijo, ɗaya ya ba da amsar banza, sai mai tambaya ya sauke masa camota a kafaɗa. Fata ce ninki biyu, bakinta a buɗe. In ta sauka, ninkin ne ke bugun juna, ƙara kamar bindiga, amma zafinta bai kai cizon sauro ba. Wannan ƙarar ita ke gaya wa jama'a cewa magana ta ƙare, a yi dariya.

A 1974 aka gayyace mu shirin. Mutanen gari sun ɗauka da dare ake yinsa. Ƙarfe uku na rana aka ɗauka, da wata na kwali a liƙe a bayan tagar ƙarya, kofin Kwaja Sahib kuma ruwa ne a ciki, ba shayi ba. Kana ɗakin da ake shafa hoda, mai kula da sauti ya zo ya ce in gwada camotar. Na gwada a tafina, allurar injinsa ta yi tsalle har ƙarshe. Ya ce wannan ba za ta shiga ba, sai dai a rage mata murya. Na ji tsoro kada a sallame mu, ga uwarka ta riga ta gaya wa duk unguwa. Na karɓi zare wurin mai hoda na ɗaure bakin ninkin. Ban gaya maka ba, don na san za ka ƙi.

Ka tuna yadda aka fara. Kwaja Sahib ya ce, "Nabu, da me kake karyawa?" Ka ce, "Da mari, Sahib. Da rana a ɗumama mini ragowar." Na sauke camota, ba ta yi ƙara ba. Jama'a suka yi jim, ba su san ko an gama ba. Hannun da ya shekara talatin yana neman ƙara, in bai ji ta ba ƙarfi yake ƙarawa, ba ya shawara da kai. A ta uku na sake da dukan ƙarfina, kai kuma a daidai lokacin ka sunkuya wajen makirfon da ke kan tebur. Abin da aka nufa da kafaɗa ya sauka a kunnenka na hagu.

Na ga idonka ya juya. Ka dafa tebur, ka dubi Kwaja Sahib, ka ce, "Sahib, rabin tasharku ta ɗauke." Ɗakin ya kusa rushewa da dariya. Har yau in wuta ta ɗauke a unguwarmu sai ka ji wani ya faɗi haka, kuma duk shekara sai sun sake nuna wurin. Ranar nakan tashi daga shagon Hakam in ce fitsari zan yi. Ni kaɗai na ga jinin da ke wuyan rigarka.

Ba kuskuren hannu ba ne kawai, Nabu. Zare ne, kuma ni na ɗaura. Wata takwas bayan haka ka hau jirgin Karaci ba sallama, ban bi ka ba saboda na san ka yi daidai.

Ban rubuta wannan don ka canza shawara ba. Ka dai sani.

Mehrdin

*

Ƙofar Bhati, Lahore
24 ga Nuwamba, 1997

Nabu,

Bayan gaisuwa. Wata guda ke nan ban ji daga gare ku ba. Mai kawo wasiƙa ya fara girgiza mini kai tun daga bakin lungu, don ya rage mini tafiya. Ina fatan shirun na fushi ne, ba na rashin lafiya ba.

Farhat ta zo sau biyu. Na ce mata ta nemi wasu. Ta ce Kwaja Sahib ya ce a bar kujerun har ranar, shi ma tsoho ne mai taurin kai.

Tare da wannan takarda akwai ƙunshi. Camotar ce. Ta kakanmu ce, ba tawa ba, kuma ɗana bai san ta wane gefe ake riƙe ta ba. In na mutu tana ɗakina, mai gidan haya zai jefar da ita tare da tsofaffin takalma. Ka ajiye, ko ka ba masu gyaran takalmi.

Allah Ya ba ka lafiya.

Mehrdin

*

Lyari, Karaci
2 ga Disamba, 1997

Baffa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Abba-ji ma ƙalau. Laifin duk nawa ne, kuma an sa ni in fara da shi.

Amsar da ka samu a Oktoba ba maganarsa ba ce. Da na karanta masa takardarka ta farko, ya yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni malamar makaranta ce, Baffa, na kasa rubuta wa dattijo irin waɗannan kalmomi, sai na gyara su yadda ake koya wa yara. Da takardarka ta biyu ta zo na karanta ni kaɗai, na ga abin da gyarana ya jawo, kunya ta hana ni karanta masa. Na sa ta cikin littafin darasi, kullum ina cewa gobe. Shi kuma yana ta tambaya ko jakin ya amsa. Jiya ƙunshin ya zo ina makaranta, a hannunsa aka ba shi. Na dawo na tarar da shi zaune da fatar a kan cinya. Na karanta masa duka biyun. Ka yafe mini.

Yanzu ga maganarsa. Ya ce ɗan maƙwabcinmu mai kantin magani zai sake karanta masa kafin a rufe ambulan, don haka ko wasali ban taɓa ba.

"Pa-ji, babban wa, jakin Ƙofar Bhati. An sa ka makarantar Turawa har aji takwas, ni an bar ni da ganga, amma har yau ni ne mai hankalin. Ka taɓa jin na ce 'yanayin da ake ciki'? Ni ministan ruwa ne? Abin da na ce shi ne, ki gaya wa jakin nan in fifita zai yi mini ba na zuwa, muna da fanka a Karaci.

"Zare kuma. Shekara ashirin da uku kana ɗauke da zare a ciki kamar wanda ya haɗiyi tela. Na gan shi tun kafin a kunna fitilu. Ja ne, daga gyalen mai hoda. Na yi shiru don ni ma ina tsoron a kore mu, ka manta uwar tawa ce ta gaya wa unguwa? Kunnen kuma ya yi mini rana. Duk zamanmu a nan ta hagu nake zaunar da uwar Nuzhat, Allah Ya jiƙanta, ba mu taɓa faɗa ba.

"Ba kunne ya kore ni ba. Hannunka ne bayan kunnen. Ka kwance zare, amma ka ɗaure hannu. In jefa magana in tsaya ina jiran ƙara, sai ka shafa ni kamar mai kore wa jinjiri ƙuda. Ka tuna bikin ɗan mai shinkafa a Gujranwala? Wani daga baya ya ce, 'Ustad, dukansa kake ko lallashi?' Wannan ce kaɗai dariyar da aka yi ranar, kuma ba mu muka jawo ta ba. Matan suka fara dubana suna cewa wayyo bawan Allah. An zage ni a sana'ar nan, an jefe ni da ɓawon lemo, duk na ci abinci na yi barci. Amma tausayi ban iya ba. Na ce maka ka buga sau nawa? Ka ce to, ka sake shafawa. Shi ya sa na tafi. Sayar da shayi a bakin tashar jirgin ruwa ya fi mini a tausaya mini a gaban mutum ɗari biyu.

"Ita kuma wannan baiwar Allah, camotar, ka bar ta ta bushe kamar fuskarka. Na kwana ina shafa mata man mustad, ta fara magana. Zan taho da ita. Jirgin ƙasa na sha huɗu ga wata, ka zo tasha in gwiwar ta yarda, in ba ta yarda ba na san hanya. Kafin nan ka samu matashin kai ka riƙa gwadawa da takalmi, safe da yamma. In ka shafa ni a gaban Kwaja Sahib, wallahi zan karɓe ta in nuna wa ƙasa duka yadda ake yi, a kanka.

"Maganar tumbi ƙarya ce."

Baffa, maganar tumbi gaskiya ce. Wannan layin bayan an gama karanta masa na ƙara.

'Yarka,
Nuzhat

*

Ƙofar Bhati, Lahore
21 ga Disamba, 1997

'Yata Nuzhat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, da yaran makarantarki. Mu nan lafiya, sai kafaɗata ta dama da ke ciwo, kuma ciwo ne da nake so. Maganar yafiya ki bar ta. Ladabi kika yi, ba ki san gidan da kika fito ba ne.

Gwiwa ta yarda, na je tasha. Ya sauko da akwatin kwano, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Pa-ji, wa ya mutu aka ba ka fuskarsa?" Na ce, "Wata nawa ne cikin?" Daga nan muka hau keken haya har gida. Hannuna dai yana cikin nasa.

Ranar Talata aka ɗauka, ƙarfe uku kamar da. Watan kwali yana nan, an dai sake masa fenti. Kwaja Sahib ya rame ƙwarai, sai da aka riƙe shi ya hau kujera, amma ana kunna fitila muryarsa ta dawo ta ɗan shekara arba'in. Mai sauti na yanzu ya zo ya ga camota, ya ce ko za a ɗan rage mata ƙara. Ban buɗe baki ba babanki ya ce, "Ɗana, je ka ɗaure injinka. Wannan an taɓa ɗaure ta."

Kwaja Sahib ya ce, "Nabu, shekara ashirin da biyu a Karaci, me ka samo?" Ya ce, "Teku, Sahib. Na zo da ita, amma an ƙwace a tasha, wai ta fi kilo ashirin." Ya tsaya yana jira. Na ɗaga hannu. Ba zan ɓoye miki ba, a sama ya tsaya. Kwana goma ina dukan matashin kai, amma matashin kai ba shi da wuyan riga. Ɗakin ya yi shiru irin na wancan karon. Sai ya juyo mini da gefen hagu, ya ce a hankali, ba don makirfo ba, "Buga, jaki. Nan ba sauran abin fashewa."

Na buga. A kafaɗa ta sauka, daidai inda kakanmu ya koya mana, ta yi ƙarar da na shekara ashirin da uku ban ji ba. Wata mata a layin gaba ta saki jakarta. Babanki ya dafa tebur, ya juya ido, ya sa yatsa a mataccen kunnen ya girgiza, ya dubi Kwaja Sahib ya ce, "Sahib, tashar ta dawo."

Ban san tsawon dariyar ba. Na dai ga Kwaja Sahib ya cire tabarau yana share ido, ya kai kofin ruwansa baki ya kasa sha. Bayan wannan na buga sau goma sha ɗaya, babanki ya ƙirga, ya ce biyu daga ciki ba laifi.

Ranar Alhamis aka nuna. Mun yi shirin zuwa shagon Hakam, muka ce bari mu ɗan kishingiɗa bayan isha, sai kiran asuba muka ji. Hakam ya ce shagon ya cika har titi. Ke da kika gani, ki rubuto mana yadda muka yi.

Abin da ya sa ni rubutu shi ne, ki aiko da kwalin maganinsa da rigar sanyinsa mai ruwan toka. Ya ce ba zai hau jirgi da azumi a gaba ba, sai bayan Sallah, kuma bai faɗi wace Sallar ba. Na shimfiɗa masa gadon Inayat Bibi. Yana kwanciya a kan kunnen dama, don haka tarina ba ya damunsa. Jiya ya hau soro ya ce wurin tattabarun bai lalace ba.

Zan tsaya nan. Yana kirana daga tsakar gida da sunan da kika ƙi rubutawa, wai shayin ya yi ruwa.

Baffanki,
Mehrdin